Rafin Da Ba Shi Da Ofis

4 ga Fabrairu

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da amaryarmu. Ka ce mata har ta yi furfura amarya zan riƙa ce mata, gara ta saba. Mu nan lafiya lau. Umma ma lafiya, sai gwiwar nan da ba ta barinta ta tashi sai ta dafa bango. Ta ce in tambaye ka ko birni ya hana ka cin abinci ne, don a hoton da ka aiko wuya kawai ta gani.

Na rubuto ne saboda waya a nan ta zama abin ado, sai an hau tudun bayan makaranta ake samun layi, ni kuwa ba zan tsaya kan tudu ina ihu da wannan maganar ba. Direban motar kasuwa zai ba ka wasiƙar tare da robobin ruwa guda biyu. Kada ka sha, kada kuma amarya ta zuba a tukunya. Ruwan rafinmu ne.

Ka san kamfanin da ya zo haƙar ma'adini a bayan dutse bara. Da farko ƙura ce kawai da ƙarar manyan motoci. To tun watan jiya suka kafa wurin wanke ƙasar da suke haƙowa a saman rafi, ruwan wankin kuma yana gangarowa mana. Rafin da ka koyi iyo a cikinsa yanzu launinsa kamar an wanke tsohon kwano mai tsatsa. Kifi na tasowa ciki sama. A ɗakin shan magani da nake aiki, a da in na ga mutum goma a yini na ce yau an yi kasuwa. Jiya talatin da ɗaya na gani, amai da ciwon ciki da ƙuraje a ƙafa, yawancinsu mata masu wanki da ƙananan yara. Ni abin da nake da shi farasitamol ne da ruwan gishiri da sukari.

Mun je wurin mai gari. Bawan Allah ya buɗe hannuwa ya ce, "Ni ma a bakin direban katafila na ji an ba da dutsen. Takardar daga sama ta zo, ko kwafinta ba a ba ni ba." Daga nan sai duk aka juyo ana kallona. Wata tsohuwa ta ce, "Ke ba ƙaninki ne yake hukumar muhalli ba, mai gwada ruwa da inji?" Na ce shi ne. Ta ce, "To me muke jira?"

Shi ya sa na ce bari in tambaye ka, me muke jira? Ka gwada ruwan nan ka kai wa manyanku su gani.

Baban yara yana gaishe ka.

Yayarka

15 ga Fabrairu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, da robobin. Muna lafiya, amaryarki tana gaishe ki, ta ce ta yarda da sunan muddin za a riƙa ba ta gatan da ke tare da shi. Ki gaishe da Umma, ki ce mata ina ci sosai, hoton ne bai yi kyau ba.

Na gwada ruwan ranar Asabar da babu kowa a ɗakin gwaji. Sau biyu na maimaita don ban yarda da idona ba. Yaya, akwai dalma a cikinsa da wasu ƙarafa, sun ninka abin da jikin mutum zai iya ɗauka sau da yawa. Kada kowa ya sha, kada a dafa abinci da shi, kada a ba dabbobi. Ki faɗa wa mata tafasawa ba ta fitar da wannan, ƙara masa ƙarfi ma take yi. Tacewa da ƙyalle ma aikin banza ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma ki yi haƙuri da tsawon bayanin. Wannan sakamakon da ke hannuna, a idon ofis ba komai ba ne. Kafin a karɓi gwaji sai jami'in hukuma ya je da kansa ya ɗebo a kwalba mai hatimi. Kafin jami'i ya je sai darakta ya ba da umarni. Kafin darakta ya ba da umarni sai an kawo koke a rubuce. Motar da za a je da ita kuwa ga ta nan ina hangenta ta taga, wata bakwai tana zaune kan bulo, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Sannan akwai abin da ban taɓa yi miki bayani ba. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tsakiya ne, ma'aikatar ma'adinai ce ke ba da lasisinsa daga babban birni, ba sai ta tambayi kowa a wurinku ba. Doron ƙasar na gwamnatin yanki ne. Ruwa kuma akwai hukumarsa daban. Mu hukumar muhalli namu duba ne da ba da shawara, ba mu da ikon rufe ko da shagon faci. Wani abokin aikina da muke kira Dogo, ya shekara ashirin a nan, da na nuna masa takardar sai ya ce, "Rafin naku ya yi rashin sa'a. Ofis huɗu ne ke da hakki a kansa, babu ɗaya da ke da alhaki."

Ba na faɗi haka don in kashe miki gwiwa ba. Ku rubuta koke, mai gari ya sa hannu, duk wanda ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ki haɗa da adadin marasa lafiyar da kike gani kullum, amma kada ki ambaci cewa na yi gwaji. Ki aiko ta hannun direba, ni zan kai teburin darakta da hannuna, in tsaya har a buga masa lamba.

Ina roƙonki ki fara da gidanmu. Umma ta daina taɓa ruwan nan ko da alwala ce.

Ƙaninki

2 ga Maris

Auta,

Bayan gaisuwa. Muna nan da sauƙi. Umma ta ji saƙonka, ta ce shekara sittin tana shan rafin nan bai kashe ta ba sai yanzu da ka sami inji. Duk da haka na ɓoye mata bokitinta.

Ga koken nan, mutum ɗari biyu da goma sha huɗu. Kwana shida ina bin gidaje bayan na tashi daga aiki, yatsana har yanzu shuɗi ne da tawada. Ba kowa ya yarda ba. Samarin garin nan kusan rabinsu a kamfanin suke lebura yanzu, iyayensu suka ce ba za su sa hannu a kori 'ya'yansu ba. Ban ga laifinsu ba. Kuma ba zan ɓoye maka ba, baban yara ma bai sa ba. Tun da gonarsa ta faɗa cikin shingen kamfani, aikin gadi suka ba shi a ƙofa. Na miƙa masa takardar, ya daɗe yana kallonta, ya ce, "In na sa, gobe me za mu ci?" Na ce, "In ba ka sa ba, me za mu sha?" Daga nan ba mu ƙara maganar ba. Muna gaisawa dai kamar maƙwabta.

Ruwa yanzu sai rijiyar burtsatse ta makaranta, ita kaɗai ga gari duka. Layin jarkoki tun daga bakin famfo har masallaci. In rana ta take sai ta fara tari, ta daina. An yi faɗa sau uku, jiya har na ɗinke wa wata goshi.

Makon jiya tankar ruwa ta zo, an manna mata hoton ɗan majalisarmu gaba da baya, yana murmushi. Kansila ya zo da mai ɗaukar hoto, aka jera mu da jarkoki aka ɗauka. Na matsa na ce masa, "Ranka ya daɗe, ruwan nan kullum zai riƙa zuwa?" Ya ce, "Hajiya, ai kin san zaɓe ya kusa, komai zai daidaita." Kwana biyu tankar ta yi. An ce kamfanin ne ya saya wa ɗan majalisar ita, yanzu tana can tana yawo da hotonsa a wasu garuruwan.

Mutane sun ɗora ido a kanka, Auta. Ko ina na bi sai a ce, "Ya labarin ƙanin namu?" Ka zama ƙanin kowa. Ni dai ina cewa ana kan hanya.

Yayarka

19 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba na jira, ni kuma an tura mu wani horo na kusan mako huɗu, motar ofis ta haya tana bakin ƙofa. Muna lafiya. Darakta ya sa hannu jiya, an rufe maganar kamfanin. Zan rubuto miki komai dalla-dalla in na dawo. Ki gaishe da Umma.

Ƙaninki

24 ga Maris

Auta, ɗan albarka,

Allah ya yi maka albarka, ya ja da ranka, ya ba amarya 'yan biyu. Muna lafiya ƙalau, lafiyar da muka daɗe ba mu ji irinta ba.

Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis. Wallahi tun ranar Talata muka lura injinan sun yi shiru, muna ta tambayar juna me ya faru. Baban yara ya ce an dai ce musu kowa ya zauna a gida sai an neme shi, ban da masu gadi. Da na karanta layin nan, "an rufe maganar kamfanin," sai na gane. Ko mayafi ban ɗauka daidai ba na nufi gidan mai gari. Ya sa aka tara mutane a ƙofar gidansa, ya ce in karanta da kaina. Na karanta sau biyu. Tsohuwar nan da ta fara ambatonka ta rungume ni tana kuka. Umma kuwa ba a magana, tana zaune a ƙofar ɗaki tana karɓar barka kamar ita ta sa hannun.

Rafin ya fara washewa. Yau da safe na ga ƙasansa, har da 'yan ƙananan kifaye a gefen duwatsu. Na ce wa mata su ɗan ƙara haƙuri zuwa ka dawo, amma ka san wanda ya yi sama da wata guda yana layin ruwa. Famfon makarantar ma ya lalace gaba ɗaya shekaranjiya. An koma rafi. Ni ma na mayar wa Umma bokitinta, tunda an toshe abin daga sama.

Baban yara yana cikin damuwar aikinsa, amma jiya ya ci abinci tare da mu, har ya ce in gaishe da surukinsa babban ma'aikaci. Ka zo in ka samu hutu. Mutanen gari sun ce akwai ragon da ke jiranka.

Yayarka mai alfahari da kai

14 ga Afrilu

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau na dawo na tarar da wasiƙarki a hannun amarya, kwananta ashirin a kan tebur. Kafin ki ƙarasa karanta wannan, ki aika a hana kowa taɓa rafin. Na kira wayarki ya fi sau talatin ba ta shiga.

Ba abin da nake nufi ke nan ba. Ba a rufe kamfanin ba. Fayil ɗin kokenku aka rufe. A ofis in an ce an rufe magana, ana nufin an gama da ita, ba za a ƙara ɗaga ta ba. Kullum haka muke faɗa, har na manta ba kowa ke jin yarenmu ba. Gaggawa ta sa na rubuta layi ɗaya, ina cewa a raina gara ki ji mummunan labarin da wuri. Laifina ne, ba naki ba. Washewar ruwan kuma ba ta nufin komai. Dalma ba ta da launi, tana kwance cikin lakar ƙasan rafin, duk wanda ya tsoma bokiti ya tayar da ita.

Shirun injinan ma na bincika. Sun tsaya ne saboda masu zuba jari daga waje sun zo duba wurin, ba a so su ga jan ruwa. Suna tafiya za a ci gaba.

Ga abin da ya faru da koken. Na kai shi, aka buga lamba. Darakta ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ce, "Garinku ne?" Na ce e. Ya ce, "Zauna." Mutum ne mai kirki, Yaya, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Ka san wa ya naɗa ni? Kwamishina. Ka san wa ya naɗa kwamishina? Ka san jirgin da gwamna yake yawon kamfe da shi na wane ne?" Ya ce, "Wanda ya gabace ni a kujerar nan ya taɓa tura jami'ai wata mahaƙa. Yanzu yana gida yana kiwon kaji." Sai ya ɗauki biro ya rubuta a gefen takardarku cewa wannan lamari na ma'aikatar ma'adinai ne, ba ya cikin huruminmu. Hannun da na ce miki ya sa ke nan.

Ban tsaya nan ba. Kafin tafiya horon na ɗauki kwafi na kai ofishin ma'adinai na yanki. Magatakardan ya ce su lasisi ne nasu, kuma lasisin kamfanin lafiyarsa lau, gurɓatar ruwa kuwa ta hukumar ruwa ce. Hukumar ruwa suka ce su famfo da madatsa suke kula da su, gurɓata ta hukumar muhalli ce. Wato mu. Na dawo teburina da takardar a hannuna da yamma, kamar wanda ya fita neman kansa.

Saura majalisa. Akwai kwamitin da doka ta ba ikon kiran kowane kamfanin haƙa ya amsa tambaya. Na je na duba sunayen da ke manne a allon sanarwa. Shugaban kwamitin shi ne ɗan majalisarku, mai hoto a jikin tanka. Dokar ma ta ce kamfani ya riƙa ware wani kaso don garin da yake haƙa a cikinsa, a ba wakilan gari su yi rijiya ko asibiti. Na ga jerin wakilan garinmu, mutum biyar. Ban san ko ɗaya ba. Dogo ya duba ya ce ɗaya direban ɗan majalisar ne, ɗaya ƙanin matarsa.

Ki karanta wa mutane wannan kamar yadda kika karanta waccan. Ki ce ni ne na yi kuskure. Ki rubuto mini halin da Umma take ciki, don Allah, ko layi biyu ne.

Ƙaninki

3 ga Mayu

Auta,

Na sami wasiƙarka. Ka tambayi lafiya, to babu.

Kafin ta iso mun riga mun sani, don injinan sun tashi tun ranar goma ga watan jiya, jan ruwan ya dawo. Amma an riga an yi kusan mako uku ana sha. Mata biyu masu ciki sun yi ɓari a hannuna cikin mako ɗaya. Jaririyar wata mai ɗinki a unguwarmu tana ta sanƙarewa, an kai ta babban asibiti, ba su dawo ba tukuna. Umma ƙafafunta sun kumbura har ba ta iya sa takalmi, fitsari sai kaɗan-kaɗan, abinci ba ya zama. Likitan da ke zuwa mana sau ɗaya a wata ya ce yana zargin ƙoda, a kai ta inda ake da injin gwaji. Na tambaye shi ko zai rubuta cewa ruwan ne. Ya kalli ƙofa, ya ce, "Ni alamomi nake rubutawa, ba dalili ba."

Na karanta musu wasiƙar, kamar yadda ka ce. A wuri ɗaya, ƙofar gidan mai gari. Wannan karon babu wanda ya rungume ni. Da na kai wurin wakilai biyar, mai gari ya ce in maimaita, na maimaita, ya sunkuyar da kai. Wani daga baya ya ce, "Nawa aka ba ƙanin naki?" Ban ga fuskarsa ba, amma na san muryar, na taɓa zama da matarsa kwana biyu tana naƙuda. Mijin ɗaya daga cikin masu ɓarin ya tare ni a hanya, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Ke kika ce an rufe." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na yi fushi da kai, Auta, ba zan ɓoye ba. Mako guda ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Kai mai ilimi, layi ɗaya ka gagara rubutawa yadda mutum zai gane? Amma in na zauna sai in tuna kai ka ce mini kada a taɓa ruwan, ni ce na miƙa wa Umma bokiti da hannuna. Ina so in ji labari mai daɗi, sai na ji shi. Yanzu ban san da wa zan yi fushi ba. Duk wanda na kama sai ya nuna mini na sama da shi.

Samari sun tare hanyar motocin kamfani da duwatsu ranar Litinin. Ba a yi awa biyu ba sai ga motocin 'yan sanda uku. Mu da muka yi shekara muna roƙon a turo mana ko ɗan sanda ɗaya saboda ɓarayin shanu. An tafi da mutum tara. Baban yara ne ya buɗe musu ƙofa suka shiga da su harabar kamfanin, aikinsa ke nan. Tun ranar bai fita gari ba, daga aiki sai ɗaki.

Yanzu da amalanke ake kawo ruwa daga garin gaba. Wanda ba shi da hali yana komawa rafi, yana kallona ina kallonsa.

Yayarka

22 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jikin Umma? Ya jaririyar mai ɗinki? Mu muna nan. Fushinki yana bisa gaskiya.

Na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na rubuta rahoton gwajin da sunana da lambar aikina, na ba darakta kwafi, na aika wa ma'aikatar lafiya, na kai wa wata lauya da ke taimaka wa garuruwa irin namu kyauta. Ta karanta a tsaye, ta ce za ta shigar da ƙara, ta kuma shigar. An sa rana, muka je. Lauyan kamfani ya tashi ya ce maganar ma'adini ba ta kotun yanki ba ce, ta kotun gwamnatin tsakiya ce. Alƙali ya ɗage zaman zuwa bayan zaɓe don ya yi nazarin ko yana da hurumin saurare. Duka-duka minti goma sha ɗaya. A bakin matakala lauyar ta ce mini tana da irin wannan ƙarar da ta shekara shida ana nazarin hurumi.

Wani ɗan jarida ya karɓi labarin da zumuɗi. Bayan kwana uku ya kira ni ya ce editansa ya ce a dakata. Ranar Lahadi na ga jaridar, shafi guda cur tallar kamfanin ne, hoton yara suna shan ruwa a famfo.

Ranar Laraba aka ba ni takarda biyu. Ɗaya ta neman bayanin dalilin da ya sa na yi amfani da kayan gwajin hukuma ba da izini ba. Ɗaya ta canjin aiki. An cire ni daga ɗakin gwaji an mayar da ni sito, inda ake ajiye karyayyun kujeru da tsofaffin fayiloli. Ba a kore ni ba. Darakta ya ce in gode wa Allah, shi ya tsaya mini. Na kuma yarda da shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ban san wata ƙofa da ta rage ba, Yaya. In akwai, ban san ta ba, Dogo ma bai sani ba.

Abu ɗaya nake iya yi. Ki turo mini Umma. Akwai asibitin ƙoda kusa da mu, amarya ta riga ta gyara mata ɗaki. Ke ma ki taho da yaran, a matse a zauna.

Ƙaninki

9 ga Yuni

Auta,

Bayan gaisuwa. Ga Umma nan, direba zai sauke ta a ƙofar gidanka, na roƙe shi ya ba ta gaban mota. Takardar likita tana cikin jakar hannunta, magungunan na ɗaure su a farin ƙyalle, na rubuta lokacin kowanne. Ba ta cin gishiri yanzu, za ta yi wa amarya rantsuwa cewa an yarda mata, kada ta saurare ta. Yaran biyu ƙanana suna tare da ita, ka nema musu makaranta ko wace iri ce. Jaririyar mai ɗinki ta rasu ranar Juma'a.

Na ji abin da aka yi maka. Ban karanta wa kowa wannan wasiƙar ba, babu mai son jin karatuna yanzu. Amma na karanta wa baban yara. Ya ce in ce maka ya gode. Ban san na me ba, ban tambaye shi ba.

Ni ba zan taho ba. In na rufe ɗakin shan maganin nan babu mai buɗe shi, kuma masu zagina da safe su ne ke kawo mini 'ya'yansu da rana.

An yi zaɓe. Mun fita, har da waɗanda aka ɗauko a amalanke, kowa ya san wanda ba zai zaɓa ba. Da aka karanta sakamako a rediyo, akwatinmu ya ba ɗan majalisa ƙuri'un da suka fi yawan mutanen garin har da jarirai. An sallami samarin nan tara washegari, an ce ɗan majalisar ne ya sa baki.

Shekaranjiya wasu mutane suka zo da na'urar awo da gwangwanin jan fenti. An ƙara wa kamfanin fili, ma'adinin ya bi ta ƙarƙashin unguwarmu. Suna bin gidaje suna shafa alama a bango, har da gidanmu. Mai gari yana biye da su yana riƙe musu gwangwanin, ina jin don kada a ce ba a yi da shi ba. Na tambayi shugabansu yaushe za a rushe, ya ce bayan damina. Na ce ina za mu koma, ya ce wannan ba ofishinsu ba ne.

Umma ba ta gani ba, tana kwance a ciki, kuma da safen nan ta ƙofar baya na fito da ita. Ita a saninta mako biyu za ta yi ta dawo. Ta ba ni makullin ɗakinta, ta ce in riƙa sharewa ina buɗe taga kada ya yi wari, in kuma hana kaji hawa gadonta. Na ce to.

In ta tambaye ka yaushe za ta koma gida, ka ce sai likita ya sallame ta. Gobe in ta sake tambaya, ka sake faɗa mata haka. Ni zan ci gaba da share ɗakin.

Yayarka